Tarihin Shari'o'in Mallakar Bindiga a Ƙasar Amurka

Gabatarwa

A ƙarshen watan Yuni na shekarar 2022, gwamnatin Jihar Zamfara ta fitar da sanarwa cewa duk ɗan jihar da ya cancanta yana iya neman lasisin mallakar bindiga domin kare kansa daga 'yan bindigar daji. Ba a jima ba Babban Hafsan Tsaro na wancan lokaci, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da irin wannan umarni. Tun daga nan, duk inda 'yan uwa mazauna birni suka haɗu ana zancen gida, ko a wurin ɗaurin aure ko a zaman makoki, da wuya a watse ba a taɓo wannan batu ba, kuma da wuya a rasa wanda zai ce ai a Amurka kowa yana da 'yancin riƙe bindiga, tsarin mulkinsu ne ya ba su.

Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai akwai dogon tarihi a bayanta wanda ya kamata mai karatu ya sani kafin ya kafa hujja da ita. An shigar da batun makami cikin kundin tsarin mulkin Amurka a shekarar 1791, amma sai a 2008, wato bayan shekara 217, Kotun Ƙolin ƙasar ta fito fili ta ce wannan 'yanci na mutum ne shi kaɗansa. Abin da wannan maƙala za ta bibiya shi ne abin da ya wakana a kotuna a tsawon waɗannan shekaru, da kuma inda aka kwana.

Asalin Maganar

Tushen al'amarin yana Ingila. Bayan da aka tumɓuke Sarki James na Biyu a 1688, majalisar dokokin Ingila ta kafa dokar haƙƙoƙi a 1689, wadda a cikinta aka yarda wa talakawa mabiya ɗariƙar Furotesta su ajiye makami don kare kansu, gwargwadon matsayinsu da kuma yadda doka ta ƙyale. Ashe tun daga farko 'yancin yana tafe da sharaɗi. Turawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da wannan al'ada, kuma da yake ba su da sojoji na dindindin, kowane gari ya dogara ne da mayaƙan sa-kai, wato magidanta da samari waɗanda ake kira idan an ga alamar yaƙi, kowa ya fito da bindigarsa. Yaƙin neman 'yancin kai ma da rigimar makami ya soma, domin ranar 19 ga Afrilu, 1775, sojojin Birtaniya sun nufi garin Concord don ƙwace bindigogi da albarushin da mutanen gari suka ɓoye, aka yi karon batta a hanya.

Da aka sami 'yanci, sai jihohi suka shiga fargabar kada sabuwar gwamnatin tarayya ta kafa rundunar soja ta danne su kamar yadda Birtaniya ta yi. Don kwantar musu da hankali James Madison ya tsara wasu gyare-gyare ga kundin tsarin mulki, aka amince da guda goma ranar 15 ga Disamba, 1791. Na biyu daga cikinsu, wanda ake kira Gyara na Biyu, jimla ce guda mai kalmomi 27 a Turance, kuma ta rabu gida biyu. Kashin farko yana bayyana cewa tsararriyar rundunar sa-kai wajibi ce ga tsaron ƙasa mai 'yanci. Kashi na biyu kuma yana hana a tauye wa jama'a haƙƙin ajiye makami da ɗaukarsa. Duk rigimar da ta biyo baya a kan dangantakar waɗannan ɓangarori biyu take. Masu goyon bayan taƙaita bindiga suna cewa kashin farko shi ne ya ɗaure na biyu, saboda haka haƙƙin na aikin sa-kai ne. Masu adawa da su kuma suna cewa kashin farko dalili kawai ya kawo, haƙƙin kuwa na kowane mutum ne.

Su Wa Ake Nufi da Jama'a?

Shekara guda bayan gyaran, dokar mayaƙan sa-kai ta 1792 ta wajabta wa kowane namiji farar fata, ɗa, mai lafiya, daga shekara 18 zuwa 45, ya tanadi bindiga da harsashi da kuɗinsa. Baƙaƙen fata, waɗanda akasarinsu bayi ne a lokacin, ba su cikin lissafi. A shahararriyar shari'ar nan ta Dred Scott a 1857, Babban Alƙali Roger Taney ya yanke cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba, kuma daga cikin dalilan da ya kawo har da cewa idan aka ba su matsayin 'yan ƙasa, to za su sami damar yawo da makami duk inda suka ga dama.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865 an 'yanta bayi, jihohin kudu irin su Mississippi suka yi maza suka kafa dokokin hana 'yantattun bayi riƙe bindiga ba da izini ba. Majalisar tarayya ta mayar da martani da Gyara na Goma Sha Huɗu a 1868, wanda ya tabbatar wa duk haifaffen ƙasar matsayin ɗan ƙasa, ya kuma hana jihohi tauye masa haƙƙi. To amma rubutu daban, aiki daban. Ranar 13 ga Afrilu, 1873, a garin Colfax na Jihar Louisiana, wani gungun fararen fata ɗauke da makamai ya auka wa baƙaƙen da suka taru a harabar kotu sakamakon rikicin zaɓe. Masana tarihi sun ƙiyasta waɗanda aka kashe daga kimanin 60 zuwa 150, da yawansu bayan sun miƙa wuya. Gwamnatin tarayya ta gurfanar da wasu daga cikin maharan, aka sami uku da laifi. Da maganar ta kai Kotun Ƙoli a shari'ar Cruikshank ta 1876, sai kotun ta soke hukuncin, ta ce Gyara na Biyu gwamnatin tarayya kaɗai ya taka wa birki, bai shafi abin da jiha ko wasu mutane suka yi wa ɗan ƙasa ba. Haka maharan suka tafi gida salin-alin.

Shekara goma bayan haka kotun ta sake jaddada wannan matsayi. Wani mai suna Herman Presser ya jagoranci ma'aikata 'yan asalin Jamus kimanin 400 suka yi fareti da bindigogi a titunan Shikago a 1879, aka ci shi tarar dala 10 bisa dokar Jihar Illinois. Ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, amma a 1886 ta ce jiha tana da ikon hana mutane kafa rundunar kansu ba da izininta ba.

Zamanin 'Yan Daba da Shari'ar Miller

A shekarun 1920, lokacin da aka haramta sayar da giya a Amurka, ƙungiyoyin 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙarfi, suka riƙa kashe juna da bindigogi masu sarrafa kansu. Kisan mutum bakwai a wani gareji a Shikago ranar 14 ga Fabrairu, 1929, ya tayar wa jama'a hankali ƙwarai. A 1934, ƙarƙashin Shugaba Franklin Roosevelt, aka kafa babbar dokar bindiga ta farko ta tarayya. Dokar ba ta haramta irin waɗannan makamai kai tsaye ba, sai ta wajabta yi musu rajista ta kuma ɗora harajin dala 200 a kan kowace bindiga mai sarrafa kanta da kowace bindigar farauta da aka datse wa baki, kuɗin da ya kai kusan farashin bindiga mai sarrafa kanta a wancan zamani.

A 1938 aka kama Jack Miller da Frank Layton sun tsallaka daga Oklahoma zuwa Arkansas da bindigar farauta mai baki biyu wadda tsawon bakinta bai kai inci 18 ba, ba rajista. Alƙalin kotun farko ya sallame su, ya ce dokar ta saɓa wa Gyara na Biyu. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Abin mamaki, da aka zo sauraron shari'ar a Kotun Ƙoli babu lauyan da ya tsaya musu, ɓangaren gwamnati kaɗai aka ji, kuma kafin a karanta hukunci a watan Mayun 1939 an tsinci gawar Miller an harbe shi. Kotun ta ce ba a kawo mata hujjar da ke nuna cewa irin wannan bindiga tana da alaƙa da aikin rundunar sa-kai ba, don haka gyaran bai kare ta ba. Wannan gajeren hukunci, na shari'ar da aka yi da baki ɗaya, shi ne kotunan tarayya suka dogara da shi na kusan shekara 70 suna watsi da ƙarar masu ƙalubalantar dokokin bindiga.

Yadda Iska Ta Juya

Shekarun 1960 sun zo da zubar da jini. An harbe Shugaba John Kennedy a 1963, sannan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, abin da ya kai ga dokar 1968 wadda ta hana sayar da bindiga ga waɗanda aka taɓa ɗaurewa kan manyan laifuka, ta kuma taƙaita cinikinta ta gidan waya. Shekara guda kafin nan, bayan da matasan ƙungiyar baƙaƙe ta Black Panther suka shiga majalisar Jihar Kalifoniya riƙe da bindigogi, Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar hana yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a. Mai karatu zai lura cewa a wancan lokaci hatta masu ra'ayin riƙau suna goyon bayan taƙaita makami, musamman idan aka dubi hannun da makamin yake.

Ƙungiyar masu bindigogi ta ƙasa, wadda aka fi sani da NRA, an kafa ta ne tun 1871 don koyar da iya saiti, kuma ta daɗe tana kula da harkar farauta da wasannin harbi. A babban taronta na 1977 a birnin Cincinnati, masu tsattsauran ra'ayi suka ƙwace shugabanci, suka mayar da ita ƙungiyar siyasa mai fafutukar Gyara na Biyu. Daga nan aka shiga rubuce-rubuce a mujallun shari'a na jami'o'i ana kafa hujjar cewa haƙƙin na mutum ɗaya ne. Ba kowa ya karɓa ba. Tsohon Babban Alƙali Warren Burger, wanda Shugaba Nixon ya naɗa, ya bayyana wannan fassara a wata hira ta talabijin a 1991 da cewa zamba ce ake yi wa Amurkawa.

Har a shekarun 1990, nasarorin da masu ƙalubalantar doka suka samu ta wata ƙofa suka biyo. A shari'ar Lopez ta 1995 Kotun Ƙoli ta soke dokar tarayya mai hana shiga harabar makaranta da bindiga, bisa dalilin cewa majalisar tarayya ta wuce gona da iri cikin hurumin jihohi. A shari'ar Printz ta 1997 kuma ta ce tarayya ba za ta tilasta wa jami'an tsaron ƙananan hukumomi binciken tarihin masu sayen bindiga ba, aikin da dokar Brady ta 1993 ta ɗora musu. Duka biyun rigima ce ta rabon iko tsakanin tarayya da jiha.

Shari'ar Heller

Tun 1976 birnin Washinton ya hana mallakar ƙaramar bindiga irin ta hannu, kuma ko doguwar bindiga ce sai an ajiye ta a gida ba harsashi, a kwance ko a kulle. Wani lauya attajiri, Robert Levy, wanda shi kansa bai taɓa mallakar bindiga ba, ya ɗauki nauyin ƙalubalantar dokar da kuɗinsa. Shi da abokan aikinsa sun koyi darasi daga shari'ar Miller, don haka suka guji mai laifi, suka tsamo mutum shida masu tsabtataccen tarihi, suka shigar da ƙara a 2003. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce mutum ɗaya ne cikinsu yake da hurumin ƙara, wato Dick Heller, domin shi ne ya nemi rajista aka hana shi. Heller mai gadi ne a wani ginin ma'aikatar shari'a ta tarayya, yana riƙe bindiga a bakin aiki kullum, amma doka ta hana shi ajiye irinta a gidansa.

Ranar 26 ga Yuni, 2008, alƙalai biyar cikin tara suka ba shi gaskiya. Mai Shari'a Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce gyaran yana kare haƙƙin mutum na ajiye bindiga a gidansa don kare kai, ko yana cikin rundunar sa-kai ko ba ya ciki. Mai Shari'a John Paul Stevens, a madadin sauran huɗun, ya bi tarihin zamani guda ya fito da akasin haka. Abin da masu kafa hujja da Amurka suka fi mantawa shi ne iyakokin da Scalia ya gindaya a cikin hukuncin. Ya ce haƙƙin ba sakakke ba ne, kuma hukuncin bai taɓa dokokin hana masu manyan laifuka da masu taɓin hankali mallakar bindiga ba, ko na hana shiga da ita makarantu da gine-ginen gwamnati, ko sharuɗɗan cinikinta, ko haramcin makamai masu haɗari na musamman.

Daga McDonald Zuwa Rahimi

Da yake Washinton yankin tarayya ne, sai tsohuwar tambayar Cruikshank ta dawo: shin hukuncin ya hau kan jihohi? Wanda ya kai wannan ƙara shi ne Otis McDonald, wani dattijo baƙar fata ɗan fansho, haifaffen Louisiana, mazaunin wata unguwa a Shikago da 'yan daba suka addaba, wanda ɓarayi suka sha fasa wa gida. Birnin ya hana rajistar ƙaramar bindiga tun 1982. Ranar 28 ga Yuni, 2010, da rinjayen biyar da huɗu, kotun ta ce Gyara na Goma Sha Huɗu ya shimfiɗa wannan haƙƙi a kan jihohi da birane, kuma Mai Shari'a Samuel Alito ya kafa hujja da tarihin yadda aka riƙa ƙwace makaman 'yantattun bayi bayan yaƙin basasa.

Saura maganar fita da bindiga waje. Jihar Niyok tana da doka mai asali tun 1911, wadda a ƙarƙashinta mai neman lasisin yawo da ƙaramar bindiga sai ya gamsar da hukuma cewa yana da buƙata ta musamman. Ranar 23 ga Yuni, 2022, kwanaki kaɗan kafin sanarwar Zamfara, alƙalai shida cikin tara suka soke wannan sharaɗi a shari'ar Bruen. Mai Shari'a Clarence Thomas ya kuma kafa sabon ma'auni: duk dokar da ta taƙaita bindiga sai gwamnati ta nuna ta yi daidai da al'adar dokokin ƙasar a tarihi. Wannan ya buɗe ƙofar ƙararraki masu ɗimbin yawa, alƙalai suka shiga tonon dokokin ƙarni na 18 da na 19, suna fitowa da hukunce-hukunce masu karo da juna, har wani alƙalin tarayya a Mississippi, Carlton Reeves, ya koka cewa su alƙalai ba masana tarihi ba ne.

Abin ya kai maƙura a shari'ar Zackey Rahimi na Jihar Texas, wanda kotu ta ba da umarnin ya nisanci tsohuwar budurwarsa bayan ya ci zarafinta, daga baya kuma aka zarge shi da harbe-harbe har sau biyar cikin kimanin wata biyu. Wata dokar tarayya ta 1994 ta hana mai irin wannan umarni a kansa riƙe bindiga, amma a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar, ta ce ba ta ga irinta a zamanin magabata ba. Ranar 21 ga Yuni, 2024, Kotun Ƙoli ta warware wannan hukunci da rinjayen takwas da ɗaya. Babban Alƙali John Roberts ya ce ba lallai ne a sami tagwayen doka a tarihi ba, ya isa a nuna ƙa'idar ta daɗe, kuma raba mutum mai haɗari da makami na wani lokaci tsohon abu ne. Thomas kaɗai ya ƙi amincewa.

Abin da Ya Fi Ƙarfin Kotu

Kotu ta fayyace wanda yake da haƙƙi, amma tambayar ko yawan bindiga yana ƙara tsaro tana nan ana jayayya a kanta. Wata cibiyar binciken ƙananan makamai da ke Geneva ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa akwai bindigogi kimanin miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, wato kusan 120 ga kowane mutum 100. Alƙaluman hukumar lafiya ta ƙasar sun nuna mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar harbi a 2021, fiye da rabinsu kashe kansu suka yi. Wata guda kafin hukuncin Bruen, wani matashi ya kashe yara 19 da malamai 2 a makarantar firamare a garin Uvalde. Masu goyon bayan bindiga suna amsawa da misalin mutane irin su McDonald, suna cewa mai laifi ba ya neman lasisi, mai bin doka ne kawai hani yake bari hannu rabbana.

Kammalawa

Idan muka dawo gida, kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ba shi da sashe irin Gyara na Biyu, kuma ya sanya batun makamai da harsasai cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai take da ikon yi wa doka. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda suka haɗa da bindigogin soja da ƙananan bindigogin hannu irin wadda Heller ya yi shari'a a kanta, lasisinsu sai daga Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin bindigar farauta, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin adakar maharba, waɗanda aka bar al'amarinsu ga kwamishinan 'yan sandan jiha da amincewar gwamna. Saboda haka duk mai son sauyi a nan, hanyarsa ta Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce, domin babu jimlar da lauya zai riƙe ya je kotu da ita kamar yadda aka yi a Washinton.

Damuwar 'yan uwanmu da ke kwana da fargaba a ƙauyuka gaskiya ce, kuma wanda yake birni bai kamata ya yi musu wasa da hankali ba. Amma in za a ɗauki darasi daga Amurka, to a ɗauke shi duka. A can ma an sha wahala kan tantance wanda ya cancanci makami da wanda zai tantance shi, kuma a Colfax masu ƙarfi ne suka ci moriyar bindiga, raunana suka kwashi kashinsu a hannu. Duk ranar da wannan batu ya sake tasowa a zaurukanmu, ya dace mu tambayi mai shawarar wa zai riƙe rajista, wa zai hana mai gaba da maƙwabcinsa kan gona samun lasisi, kuma ta wace hanya za a karɓe makaman idan ƙura ta lafa. Allah Ya zaunar da garuruwanmu lafiya.